Badaru da Kurar Cikin Allo

A Kwarin Ɗinya, wani ƙauye da ke gefen Makoda, in aka ce "mai labari" ba a tambayar wanne. Malam Badaru ne. Gonarsa ta fi ta kowa ciyawa, amma bakinsa bai taɓa ganin fari ba. Duk ranar kasuwa direban bas kan taho masa da jarida daga Kano, wani lokaci ta jiya, wani lokaci ta makon jiya. Sai ya zauna gindin ɗinyar da ke tsakiyar gari, ya ɗora gilashi a karan hanci, ya karanta wa jama'a. Inda ya gane ya karanta, inda bai gane ba ya zuba gishiri. A yage shafin ƙwallo a miƙa wa samari, a ba dattawa na farashin hatsi, in an gama Fanta mai ƙosai ta kwashe ta yi naɗi da su. Kowa da rabonsa.

Ana nan sai ƙaninsa Zaharaddini, wanda ke aiki a Kano, ya zo gida da tsaraba. Wani abu ne shafal, bai fi tafin hannu biyu ba, siriri kamar marfin kwano.

"Yaya, wannan allon karatu ne," in ji shi. "Na zuba maka littattafai da jaridun wannan makon. Amma ka saurara, sabuwar jarida ba ta shiga sai an haɗa shi da intanet. Fitilar nan tasa kuma, in ka bar ta a kunne..."

"Zaharaddini, ni za ka koya wa karatu? Ina karanta jarida kana tsotson yatsa."

Zaharaddini ya haɗiye sauran bayaninsa, ya hau bas ya koma.

Washegari Badaru ya sa babbar riga, ba Juma'a ba, ba salla ba, ya nufi gindin ɗinya. Ya ɗaga allon sama.

"Jama'a, zamanin takarda ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A cikin wannan ɗan abin akwai littattafan da jakunan garin nan kaf ba za su iya ɗauka ba."

Malam Sama'ilu, tsohon tela, wanda tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ya karɓa ya jinjina.

"To ina nauyin ya tafi?"

"An tace shi."

"Gara ba ta ci?"

"In ta gan shi canza hanya take."

"Ɓera fa?"

"A nan zai bar haƙoransa."

"Ana naɗe ƙosai da shi?" in ji Fanta daga bakin kaskonta.

"Ke Fanta, ana maganar ilmi kina maganar mai."

Nan take ya bayyana shirinsa. Kwarin Ɗinya za ta zama ƙauye na farko da ya rabu da takarda. Dagaci da kansa zai buɗe Ɗakin Karatu na Aljihu, a yanka ƙyalle, manya a Kano su ji labari su aiko a ɗauki hoton Badaru. Don a san ba wasa yake ba, ya aika wa direban bas cewa ya daina kawo jarida. Ya koma gida ya kwashe tsofaffin jaridunsa, ya haɗa da littattafan hikaya na matarsa Ramlat da take ajiyewa a kwalla, ya loda a baro ya juye wa Fanta.

Ramlat ta dawo daga rijiya ta tarar da kwalla wayam.

"Malam, ina littattafaina?"

"Na inganta su."

"Ka me?"

"Waɗanda suka fi su suna cikin allo."

"Tahira maƙwabciyarmu ta ari na ɗaya, yau za ta zo karɓar na biyu. In yanka mata gefen allon ne?"

"Ta zo ta leƙa."

Ramlat ta yi ɗamara ta fita. Ta iske Fanta ta riga ta naɗe wa rabin gari ƙosai da labarin da Tahira ke jira. Ba a samu zaman lafiya a gidan Badaru ba sai da ya yarda cewa kullum da safe allon na Ramlat ne har ya gama shan koko.

Ranar farko ta karatu, mutane suka cika gindin ɗinya. Badaru ya yi gyaran murya, ya lashi yatsa kamar yadda ya saba in zai buɗe shafi, ya goga a fuskar allon. Rubutu ya yi tsalle. Ya sake lasa ya goga, sai baƙaƙen suka kumbura, suka kumbura, har kalma ɗaya ta cika shafi.

"Subhanallahi, ya kumbura!" in ji wani.

"Ƙoshi ne," in ji Badaru, gumi na tsatso masa.

Malam Sama'ilu, wanda idonsa ya daɗe da raunana har ya bar ɗinki, ya matso. Ya ƙura ido.

"Ta... ki. Taki! Wallahi na gani! Taki aka rubuta!"

Ya fizge allon ya rungume. Rabonsa da ganin harafi da idonsa tun kafin ya aurar da 'yar autarsa. Ya dangwala, wata kalma ta fito, ya karanta da ƙarfi, ya sake dangwalawa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kun gani?" in ji Badaru. "Har makanta yake warkarwa. Kawo."

"Ban gama ba."

Samari suka ce a yago musu shafin ƙwallo. Dattawa suka ce farashin gyaɗa suke jira. Abin da jarida ɗaya ke raba wa mutum goma, yau ga shi a hannun tsoho ɗaya yana bin sa kalma-kalma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Har aka kira azahar ba a san abin da ya sami takin ba.

Badaru bai iya mayar da rubutun yadda yake ba, sai ya ce da gangan ya bar shi haka don tausayin tsofaffi. Fitilar kuwa bai taɓa kashe ta ba, don ya ce allon sai ya yi wata bai nemi wuta ba. Da ita yake leƙa akurki, da ita yake neman takalmi a ƙarƙashin gado.

Kwanaki suka shuɗe, aka fara lura da wani abu.

"Malam Badaru," in ji Sama'ilu, "wannan gadar da ka ce ta karye, ba ita ce ta karye shekaranjiya ba?"

"Ita ce."

"Jiya ma ta karye."

"Aikin 'yan kwangila ne, ba ya ƙarko."

"Shi kuma wannan baƙon da ke sauka a filin jirgi, kullum sai ya sauka? Yaushe yake hawa?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ko a roƙi direba ya ci gaba da kawo ta takarda. Maganar ta soki Badaru har ƙashi. Ya ce labarai a iska suke yawo, sai an ɗaga allon sama yake kamo su, kuma gobe za su ji sabo fil. Da ya koma gida ya kafa tsani ya hau kan rumbu, ya miƙe tsaye yana juya allon gabas da yamma. Jinkar rumbun ta tsufa. Maƙwabta suka ji rugum, suka ga ƙura. Sai da Ramlat ta kira maza suka zaro shi ta sama, kansa duk ƙaiƙayi, hannu ɗaya a miƙe riƙe da allo.

"Na kusa kamowa," in ji shi.

Washegari ranar gayya ce a gonar gyaɗar Dagaci. Damina ta yi nisa, gero ya kai kafaɗa, ciyawa na neman shaƙe gyaɗa. Ramlat ta yi karatunta na safe, ta ajiye allon, ta tafi barka Makoda. Badaru ya ɗauka ya duba, sai ya ga kalmomin da bai taɓa gani ba. Babu gada, babu filin jirgi.

"Ya kamo!"

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya iske maza sun taru gindin ɗinya da fartanyu da garemani, suna shan koko kafin a fita gona.

"A dakata! Labari da ɗumi-ɗuminsa, yanzu ya faɗo!"

Ya shiga dangwalawa yana karantawa, kalma bayan kalma: "Wata... ƙatuwar... kura... ta... tsinke... sarƙa... daga... hannun... gardi... ta... faɗa... cikin... gero... ta... nufi... wani... ƙauye."

Ludayi ya tsaya a bakin kowa.

"Wane ƙauye?" in ji Sama'ilu.

Allon bai faɗa ba. Amma Badaru bai taɓa barin tambaya ta koma hannu banza ba.

"Arewa da Kano."

"Ai mu ne arewa da Kano!"

"Mai itacen ɗinya a tsakiya," ya ƙara, don labarin ya zauna daidai.

Kowa ya ɗaga kai ya dubi ɗinya. Sai wuri ya yamutse. Koko ya kife. Fanta ta sungumi kaskonta da tsumma ta yi gida. Mata suka fito suna ƙwala kiran 'ya'yansu. Aka shiga kora awaki cikin ɗakuna, wani don gaggawa ya kulle nasa tare da buhun wake. Labari ya tsallaka ƙauyen gaba, kafin ya dawo kurar ta zama uku, ɗaya har da ciki.

Badaru ya hau kan turmi yana ba da umarni.

"Kada kowa ya firgita! Ni nan da kuke gani na taɓa riƙe kura a kunne a dajin Falgore, sai da ta ba ni haƙuri."

Iliyasu maharbi, wanda ya shekara bai harbi komai ba sai gafiya, ya fito da bindigar toka da layu har gwiwar hannu. Ya tsaya bakin gero yana shinshina iska. Can sai karan gero ya motsa. Wani abu toka-toka mai manyan kunnuwa ya gifta.

Daram!

Harbin bai sami abin ba. Babbar ƙwaryar furar da gidan Dagaci suka dama wa 'yan gayya ya samu, ta tarwatse. Abin cikin geron kuwa ya ƙwalla kuka ya fito a guje, ya ratsa tsakiyar gari.

"Ga ta nan! Tana dariya!"

Jakin Malam Sama'ilu ne. Amma kafin a gane haka, wanda ya riƙe kura a kunne ya riga ya kai reshe na sama na ɗinya, babbar riga ta sarƙe a wani reshe.

"Malam Badaru, me kake yi a can?" in ji Sama'ilu.

"Hango ta nake."

Dagaci, Alhaji Lawan, ya iso a kan babur ransa a ɓace. Ya dubi furar da ke kwance a ƙasa, ya dubi fartanyun da aka watsar, ya dubi sama.

"A sauko da shi."

Aka sauko da shi, rabin rigar ya zauna a reshe.

"Ranka ya daɗe, ba don allon nan ba da yanzu..."

"Karanta gaba. Mu san inda ta nufa."

Badaru ya lashi yatsa. "Kura... ta... shiga... gari... ta... tsaya... a... ƙofar... gidan..."

Ya dangwala. Rubutu ya ɓace. Fitila ta mutu. Wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, dogo, babu komai a cikinsa, ya fito a tsakiyar allon.

"Gidan wa?" jama'a suka haɗa baki.

Iliyasu ya leƙa, ya ja da baya. "Innalillahi. Makara ce."

Mata suka sa salati. Wani dattijo ya fara yafe wa mutane. Badaru da kansa sai da ya fara kalmar shahada, har wani mai waya a aljihu ya leƙa ya ce hoton batir ne, caji ya ƙare.

"Ba kai ka ce sai ya yi wata bai nemi wuta ba?" in ji Sama'ilu.

"Labarin ne ya yi masa nauyi."

Babu mai caji sai Naziru, can bakin titi, kuma hanyar ta ratsa cikin gero. Babu wanda ya yarda ya tafi shi kaɗai, babu kuma wanda ya yarda a bar shi a baya, tun da ba a san ƙofar gidan wa kurar take tsaye ba. Saboda haka gari ya tashi gaba ɗaya. Iliyasu a gaba da bindigar da ba a sake ɗurawa ba, Dagaci na tura babur, maza da sanduna a gefe, mata na buga kwanuka, Badaru a tsakiya ya ɗora allo a ka kamar kayan lefe.

Suka iske janareton Naziru ba mai. Aka zuƙo daga babur ɗin Dagaci. Aka tayar, sai aka ga bakin wayar cajin bai shiga ba. Naziru ya zazzage kwali guda na wayoyi, ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na cewa "Bismillah" a kan kowacce. Da aka dace, allon ya ƙi farkawa nan take. Aka zauna jira. Rana ta take, ta karkata. Aka yi azahar a bakin titi, rabi na salla rabi na gadi. Fasinjojin da ke wucewa suka tsaya kallo, masu babura suka yi cincirindo, har mai rake ya kafa teburinsa.

Ganin wannan taro, zuciyar Badaru ta dawo. Ya raɗa wa Dagaci cewa tun da Allah Ya tara jama'a, ai sai a haɗa da bikin buɗe Ɗakin Karatu. Dagaci bai ko dube shi ba.

Gab da la'asar allon ya buɗe ido. Naziru ya miƙa wa Badaru lasifikar da yake tallar caji da ita. Badaru ya hau benci, ya gyara abin da ya rage na rigarsa.

"Jama'ar Kwarin Ɗinya da baƙinmu, ku shaida ranar da ilmin zamani ya ceci rayuka!" Ya dangwala. "Gidan... mai... gari."

Dagaci ya dafe ƙirji. Iyalinsa suka rushe da kuka, duk da cewa gaba ɗayansu suna nan tsaye a bayansa.

"Ta... gyara... murya... ta... ce... Salamu... alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji wasu daga baya, don sabo.



"Dakata," in ji Sama'ilu. "Wa ya yi sallamar?"

Badaru ya dubi allon. Ya dubi jama'a. "Kurar gardi ce. Horarriya ce."

"Ci gaba," in ji Dagaci, muryarsa ta sauya.

"Ranka... ya... daɗe... ƙara... na... kawo. Gardi... ya... ɗaura... mini... ɗankwali... a... gaban... surukaina."

Wani fasinja ya fara ƙyalƙyalewa. Badaru ya ɗaga hannu.

"Wannan ya nuna yadda zalunci ya yi yawa a ƙasa, har dabbobi..."

Daidai nan bas ɗin Makoda ta tsaya, Ramlat ta sauko da ƙullin goron barka. Ta ga garinsu kaf a bakin titi da sanduna, ta ga mijinta a kan benci da rabin riga. Ta kutsa ta leƙa allon.

"Kai, Malam! Wa ya ce ka wuce mini shafi? A tsinkewar sarƙa na tsaya!"

Lasifikar na kusa da bakinta. Har mai rake ya ji.

"Ramlat," in ji Dagaci a hankali, "mene ne wannan?"

"Littafin tatsuniya ne, ranka ya daɗe. Da safe na fara."

Dariyar da ta tashi sai da ta rufe ƙarar janareto. Masu babura na dukan kujerunsu. Mutanen Kwarin Ɗinya kuwa ba duka suka yi dariya ba. Mai buhun wake ya tuna awakinsa, ya zura a guje. Fanta ta ce ƙullunta ya yi tsami a banza. Sama'ilu ya ce jakinsa har yanzu ba a san inda ya nufa ba. Dagaci kuwa gonar gyaɗarsa kawai ya hango daga nesa, koriya shar da ciyawa.

"Laifin allon ne," in ji Badaru. "Jarida da tatsuniya duk fuskarsu ɗaya a ciki. Da takarda ce ai da na gane tun daga bango."

"Wa ya ce takarda ta rasu?" in ji Sama'ilu.

"Suma ta yi."

Ya ga idon Dagaci ya yi ja. Ya cusa allon a aljihun wando, ya diro daga benci, ya zube gabansa zai nemi afuwa. Gwiwa ta taɓa ƙasa, cinya ta danne aljihu.

Ƙas!

Ya zaro shi a hankali. Fuskar allon ta tsage kamar ƙasar fadama da rani. Naziru ya danna nan, ya danna can, ya girgiza kai. Littattafan da jakunan gari ba za su iya ɗauka ba sun tafi a durƙuso ɗaya.

Dagaci ya daɗe yana kallonsa. Kowa ya zaci hukuncin gona zai fara yankewa. Sai ya juya wajen Ramlat, ya sassauta murya.

"To, shi mai garin, wane hukunci ya yanke wa gardin?"

"Ban kai nan ba, ranka ya daɗe."

"Ai kuwa ba a kyauta wa kurar ba," in ji Iliyasu. "A gaban surukai fa."

"Wa ya sani ko ita ta fara tsokana?" in ji Fanta.

Nan musu ya kaure, masu goyon bayan kura da masu goyon bayan gardi, har aka kusa ɗaga sandunan da aka fito da su. Dagaci ya tsawata.

"Badaru, ka hana ni noma, ka zubar mini da fura, ka ƙone mini mai. Wannan duk za ka biya da fartanya, kai kaɗai, kunya bayan kunya har ƙarshen gona. Amma ba za ka bar gari da rabin labari ba. Gobe ka shiga Kano, ka nemo littafin nan na takarda, wanda in ya faɗi ana ɗauka a kaɗe."

"An gama, ranka ya daɗe. Ramlat, mene ne sunan littafin?"

"Ina zan sani? Yana da bango ne?"

"Wa ya rubuta?"

"Ka tambayi allon."

Washegari da hantsi aka raka shi bakin titi, ba don girmamawa ba, don kada ya zille. Ya matsa cikin bas tsakanin wata mai kaji da wani ɗan kasuwar gyaɗa, ba suna, ba bango, ba abin da ya sani sai kura da ɗankwali. Mota ba ta yi nisa ba ɗan kasuwar ya dube shi.

"Malam, Kano za a shiga? Lafiya dai?"

Badaru ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda na kujerar baya za su ji.

"Wata kura ce ta gagari garinmu, har maharbi ya harba ya kuskure. Shi ne Dagaci ya duba kaf, ya ce in ba ni ba, babu mai iya nemo ta."